Tekun Da Ba Wanda Ya Taɓa Gani: Tarihin Farautar Europa, Watan Ƙanƙara Na Jupita

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama karatu suka fi so.

Yau Europa za mu leƙa. 'Yan ƙwallo ku kwantar da hankalinku, ba gasar daren Alhamis nake nufi ba. Wannan Europan wani wata ne da ke kewaya Jupita, babbar yaya a cikin duniyoyin da ke zagaya rana, wadda malaman hisabi suke kira Mushtari. Bai kai watanmu girma ba: faɗinsa kilomita 3,100 da 'yan kai, namu kuwa ya doshi 3,500. Ƙanƙara ce ta lulluɓe shi ruf, kuma a inda ya fi ɗumi ma sanyin yana kai digiri 160 ƙasa da sifili. Amma masana sun haƙiƙance cewa a ƙarƙashin wannan ƙanƙarar akwai tekun ruwan gishiri, mai ruwan da ya ninka na duk tekunan duniyarmu kusan sau biyu. Har yau ba idon mutum ko na kyamara da ya taɓa ganin tekun nan. To ta yaya aka san da shi?

Mu koma daren 7 ga Janairun 1610, a garin Padua na ƙasar Italiya. Galileo Galilei, malamin lissafi a jami'ar garin, ya saita madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa wajen Jupita, sai ya ga wasu 'yan taurari uku sun jeru a gefenta. Washegari suka sauya wuri. Ranar 13 ga wata ya ƙirga huɗu. Sai ya gane ashe kewaya Jupita suke yi. A zamanin, abin da ake koyarwa a jami'o'in Turai shi ne komai na sama duniyarmu yake zagayawa, sai ga abubuwa huɗu suna zagaya wata duniyar daban a gaban idon kowa. A watan Maris ya buga ɗan littafinsa Sidereus Nuncius, ya raɗa wa watannin sunan gidan sarautar Medici na Florence, don yana neman aiki a fadarsu. Ya kuwa samu. Kun ga neman uban gida a harkar ilimi ba yau aka fara ba.

Sunan da ya zauna kuma na abokin gabarsa ne. Wani Bajamushe, Simon Marius, ya fito a 1614 ya ce shi ma ya ga watannin, ya ba su sunaye daga tatsuniyoyin Girka bisa shawarar Johannes Kepler: Io, Europa, Ganymede da Callisto. Galileo ya kira shi ɓarawon ilimi, tabon ya bi shi kusan shekara 300. Da aka sake bin takardunsa sai aka ga da kansa ya gani, sai dai ranar da ya rubuta, 29 ga Disambar 1609, a tsohuwar kalanda ce, wadda ta yi daidai da 8 ga Janairun 1610. Kwana ɗaya tal Galileo ya riga shi.

Daga nan Europa ya zauna a matsayin ɗigon haske har shekara kusan 350. Sai a 1957 Gerard Kuiper ya nazarci irin hasken da ke dawowa daga jikinsa ya ce wannan ya yi kama da ƙanƙarar ruwa, aka tabbatar a 1972. Kumbon farko da ya je Jupita, Pioneer 10, ya wuce a Disambar 1973, ya aiko da hoton Europa dishi-dishi, ba abin da za ka tsinta a ciki.

Shekarar da ta juya komai ita ce 1979. Kumbuna biyu na hukumar NASA ta Amurka, Voyager 1 da Voyager 2, suna kan hanya. Kwana uku kafin na farko ya isa, ranar 2 ga Maris, wasu masana uku, Stan Peale da Patrick Cassen da Ray Reynolds, suka fitar da maƙala suka ce a sa ido, za a tarar da cikin Io a narke, wataƙila har da aman wuta. Hujjarsu lissafi ce. Duk lokacin da Ganymede ya kewaya Jupita sau ɗaya, Europa ya kewaya sau biyu, Io sau huɗu. Saboda haka kullum suna haɗuwa a wuri guda suna fizgar juna, hanyar kowanne ta ƙi zama cikakkiyar da'ira. Wani lokaci watan ya matso kusa da Jupita, wani lokaci ya ja baya, ita kuma da ƙarfin janta tana matsa shi tana saki, tana matsa shi tana saki. Ɗauki waya ta ƙarfe ka yi ta lanƙwasawa kana miƙewa, ka taɓa wurin ka ji yadda ya ɗau zafi. Abin da ke faruwa a cikin waɗannan watannin ke nan, dare da rana, shekaru aru-aru.

Voyager 1 ya wuce ranar 5 ga Maris. Bayan kwana huɗu, wata injiniya mai suna Linda Morabito, wadda aikinta lissafin hanyar kumbo ne, tana ƙara wa wani hoton Io haske don ta ga taurarin da ke bayansa, sai ga wani ƙaton toroƙo yana tashi daga gefen watan. Dutse mai aman wuta na farko ke nan da aka kama yana aiki a wajen duniyarmu. Mako guda tsakanin hasashe da tabbaci. A ilimin sararin samaniya, inda mutum kan mutu bai ga amsar tambayarsa ba, wannan sa'a ce babba.

Tambaya ta gaba a fili take: in matsar Jupita ta narkar da duwatsun Io, me za ta yi wa ƙanƙarar maƙwabcinsa? Ranar 9 ga Yuli Voyager 2 ya wuce Europa a tazarar kilomita 200,000 da ɗoriya. Hotunan suka nuna wani farin abu sumul, duk jikinsa zane-zane ja-ja sun sarƙe, kamar tsohuwar ƙwaryar da ta tsattsage aka yi ta ɗinkewa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙarancin ramuka. Watanmu duk ramukan duwatsun da suka faɗo masa ne, tabon biliyoyin shekaru. Europa kuwa 'yan kaɗan ne, alamar wani abu yana share fuskar yana sabuntawa. Yau ana ƙiyasta shekarun fuskar tsakanin miliyan 40 zuwa 90, wanda a lissafin duniyoyi jiya-jiya ne. Kafin shekarar ta ƙare, masanan nan uku suka sake fitar da wata maƙalar a kan yiwuwar ruwa a ƙarƙashin ƙanƙarar.

A nan sai mun ɗan dawo gida, don a gane abin da ya sa maganar ruwan ta tada hankalin masana. A 1977, wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Alvin ya nutsa zurfin mita 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, inda hasken rana ba ya kaiwa ko kaɗan. Masana duwatsu ne a ciki, ruwan zafi da ke ɓulɓulowa daga ƙasan teku suka je nema. Sai suka tarar da halittu jingim, tsutsotsi dogaye da dangin katantanwa, suna rayuwa a kan ƙwayoyin halittar da ke cin sinadaran da ke fitowa daga ƙasa. Ashe rai yana iya kafa gari a cikin duhu, muddin akwai ruwa da dutse da zafi. Daga ranar, teku a ƙarƙashin ƙanƙara ya tashi daga abin mamaki kawai, ya koma wurin da za a iya neman rai.

Yanzu ga kumbon da ya fi kowanne shan wuya a labarin nan, wanda aka sa wa sunan Galileo. Majalisar Amurka ta amince da shi a 1977, da niyyar ya tashi a 1982. Aka yi ta ɗagawa har aka tsayar da watan Mayun 1986. Ranar 28 ga Janairun shekarar jirgin Challenger ya tarwatse jim kaɗan da tashinsa, mutum bakwai suka mutu. Aka dakatar da jiragen, aka kuma soke rokar mai ƙarfi da za ta cilla Galileo kai tsaye, don an ga hatsari ne a ɗauko ta a jirgin da ke da mutane. Injiniyoyi suka nemo wata hanya mai nisa: ya bi ta Zara sau ɗaya, ya dawo ta duniyarmu sau biyu, yana aron gudu daga kowace. Ya tashi ranar 18 ga Oktoban 1989 a jirgin Atlantis. Tafiyar da aka tsara ta shekara biyu da rabi ta koma shekara shida.

Ranar 11 ga Afrilun 1991 aka umarce shi ya buɗe babbar eriyarsa, mai siffar lema, faɗinta kusan mita 5, da haƙarƙari 18. Uku suka maƙale. Lemar ta buɗe a karkace, ba ta da amfani. Binciken da aka yi ya fi karkata ga cewa a shekarun jira, an yi ta jigilar kumbon a babbar mota tsakanin Kalifoniya da Fulorida, girgizar hanya ta goge man da aka shafa wa ƙusoshin. Ku duba fa: aikin sama da dala biliyan ɗaya, ɗan maiƙo ya nemi kassara shi. Suka juya kumbon ya sha rana, suka juya shi ya sha sanyi, suka kunna injin lemar suka kashe sama da sau 13,000. Ko gezau.

Me wannan ke nufi? Da babbar eriya, kumbon zai riƙa aiko da bit 134,000 a daƙiƙa. Da ƙaramar da ta rage, daga nisan Jupita, kusan bit 10. Masu kuka da rashin sabis, ku lissafa: hoton waya ɗaya mai megabait 2 zai ci kwana 18 yana saukowa. Nan mutanen suka burge ni. Suka sake rubuta manhajar kwamfutar kumbon yana cikin tafiya, kwamfutar da fasaharta ta shekarun 1970 ce, suka koya mata matse hoto kafin ta aiko. A ƙasa kuma suka haɗa manyan eriyoyin Ostireliya da na Kalifoniya suna saurare tare kamar kunne ɗaya. Komai sai an fara naɗe shi a kaset, irin mai zare, sannan a riƙa sakowa a hankali. Wata biyu kafin isa, shi ma kaset ɗin ya maƙale yana juyawa a banza har awa 15. Suka lallaɓa shi, suka daina amfani da ɓangaren zaren da ya raunana. Galileo ya shiga kewayen Jupita ranar 7 ga Disambar 1995, kuma a ƙiyasin NASA an ceto kusan kashi 70 cikin 100 na binciken da aka tsara.

Hotunan da ya aiko a 1997 sun nuna wani yanki da aka sa wa suna Conamara, inda ƙanƙarar ta farfashe gunduwa-gunduwa, kowace mai faɗin kilomitoci, suka juya, suka karkace, sannan suka sake daskarewa a inda suke. Har ana iya mayar da su a hoto su haɗu, kamar gutsattsarin fasasshiyar tukunya. Kowa ya ce ai ga teku nan. Masu taka-tsantsan suka ce a'a, a dakata. Ƙanƙara mai ɗan ɗumi tana iya tafiya a hankali kamar kakin zuma ta yi wannan aikin. Ko kuma tekun ya taɓa wanzuwa, ya daskare tuntuni. Hoto yana faɗin abin da ya faru ne a da, ba ya faɗin abin da ke ƙasa yau.

Wadda ta warware gardamar ba kyamara take riƙe da ita ba. Margaret Kivelson, farfesa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ita ke jagorantar na'urar auna maganaɗisu. Jupita tana da filin maganaɗisu mai ƙarfin gaske, kuma a ɗan karkace yake, saboda haka yayin da take juyawa, Europa yana jin filin yana lilo, ya karkata nan, ya karkata can, duk bayan awa 11. Kun san sandar nan da masu gadi ke shafa wa mutum a ƙofar banki? Tana fitar da maganaɗisu mai sauyawa, in akwai ƙarfe a aljihunka sai ya mayar da martani, ta yi ƙara. To Europa ma an ji yana mayar da martani. Ƙanƙara ba ta ɗaukar lantarki sosai, dutse ma haka. Abin da zai yi wannan amsar, kusa da fuska, kewaye da watan gaba ɗaya, shi ne ruwan gishiri.

Saura shakka ɗaya: wa ya sani ko Europa yana da nasa maganaɗisun ne na dindindin, wanda ya dace da ma'aunin bisa katari? Sai aka jira wucewar ranar 3 ga Janairun 2000, lokacin da filin Jupita ya karkata ɗaya gefen. In maganaɗisun na dindindin ne zai tsaya inda yake. In martani ne zai juya. Ya juya. A ganina wannan ita ce rana mafi girma a duk tarihin nan, kuma ko hoto ɗaya ba ta da shi, layin lambobi ne kawai. Kivelson tana da shekara 71 a lokacin. A 2019, tana da 90, NASA ta sake damƙa mata jagorancin irin wannan na'urar a kumbon da zai koma.

Hoton da aka samu a ƙarshe shi ne ƙanƙara mai kaurin kilomita 15 zuwa 25, a ƙasanta teku mai zurfin kilomita 60 zuwa 150. Wuri mafi zurfi a tekunmu bai wuce kilomita 11 ba.

Sakamakon wannan nasarar shi ne hukuncin kisa ga kumbon. Ba a tsarkake Galileo daga ƙwayoyin halittar duniyarmu ba kafin ya tashi, ga mansa ya kusa ƙarewa. In aka bar shi yana yawo ba linzami, wata rana yana iya faɗawa kan Europa. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana gurɓata wasu duniyoyi, kuma ko ba doka, in ka kai naka ƙwayoyin can, gobe ka tarar da rai, ta yaya za ka san ba naka ba ne? Ranar 21 ga Satumban 2003 aka tura shi cikin iskar Jupita ya ƙone ƙurmus.

Sai kuma siyasa. Za ku zaci bayan irin wannan binciken washegari za a fara gina wani kumbon. Ina! An tsara ɗaya aka soke a 2002. Aka tsara wani ƙato mai injin nukiliya, aka soke a 2005. Na uku aka ƙiyasta shi dala biliyan 4.7, a 2011 kwamitin masana ya ce ya yi tsada. Masanan suka koma suka rage buri: maimakon kumbo ya zauna yana kewaya Europa, inda radiyeshan ɗin Jupita zai soya kayan lantarkinsa cikin 'yan watanni, gara ya kewaya Jupita daga nesa, ya riƙa kutsowa yana ficewa, kamar mai ɗauko garwashi da hannu. Shi ne Europa Clipper.

Wanda ya riƙe aikin da kuɗi wani ɗan majalisa ne daga Texas, John Culberson, wanda ya riƙa cusa masa kaso a kasafin kuɗi tun NASA ba ta nema ba. A zaɓen 2018 aka yi tallan siyasa ana masa ba'a, wai yana kashe kuɗin jama'a wajen neman halittu a wata duniya. Ya faɗi zaɓen. Ban ce shi waliyyi ba ne: a zamaninsa aka sa a doka cewa dole kumbon ya hau rokar gwamnati ta SLS, mai tsadar tsiya, wadda 'yan majalisa ke so saboda ayyukan da take samarwa a mazaɓunsu. Sai a 2021 aka sassauta, aka ba kamfanin SpaceX kwangilar dala miliyan 178.

Na san abin da wasunku ke shirin rubutawa a ƙasa: mutane na fama da ruwan sha a nan, ana kashe dala biliyan 5.2 wajen neman ruwa a wani wata. Tambaya ce mai kyau, ba na raina ta. Sai dai a ɗora ta a kan ma'auni. Kuɗin na kusan shekara 20 ne, daga zane har ƙarshen aiki. Ita Amurkar tana kashe sama da dala biliyan 800 a kan soja a shekara ɗaya, wato duk kuɗin Clipper bai kai na kwana uku ba. In fushi za mu yi a kan yadda ake raba dukiyar duniya, ni dai ba daga kumbon zan fara ba.

Clipper ma sai da ya ga tasa jarrabawar. A watan Mayun 2024, saura wata biyar a tashi, aka gano wasu ƙananan kayan lantarki da aka riga aka rufe a cikinsa ba sa jure radiyeshan yadda aka zata. Aka shafe watanni ana gwaji, aka ga suna farfaɗowa in aka ɗumama su a lokacin da kumbon ya fita daga wurin hatsari. Guguwar Milton ta ƙara jinkirta shi kwana huɗu. Ya tashi ranar 14 ga Oktoban 2024 daga Fulorida, da fikafikan sola masu tsawon mita 30, kusan sulusin filin ƙwallo, da sunayen mutum miliyan 2.6 a jikinsa. Ya wuce ta Mas ranar 1 ga Maris ɗin 2025. A jadawali zai gifta ta kusa da mu a Disambar 2026, ya isa Jupita a Afrilun 2030, ya wuce Europa sau 49, wani lokaci a tazarar kilomita 25 kacal. Turawa ma sun tura nasu, Juice, tun Afrilun 2023, zai isa a 2031, amma shi Ganymede ya fi sa wa ido.

Kada wani ya ce muku Clipper zai gano halittu. Ba a gina shi don haka ba. Aikinsa ya auna kaurin ƙanƙarar da rada, ya gano gishirin tekun, ya shaƙi ƙura da tururin da ke tashi, ya ga ko wurin zai iya ɗaukar rai. Akwai alamu masu daɗi: madubin Hubble ya hango abin da ya yi kama da feshin tururin ruwa a 2012, duk da har yau ana gardama a kai, madubin James Webb kuma ya ga iskar kabon a wani fasasshen yanki a 2023. Akwai kuma masanan da ke ganin duwatsun ƙasan tekun sun yi tauri da yawa, ba ruwan zafi, ba abinci, teku ne kawai mai duhu. In haka ne, ruwa ninki biyu na namu yana can ba kowa a ciki.

Shi ma Clipper an riga an yanke masa irin hukuncin Galileo. Idan ya gama aiki, wajen 2034, shirin da ke ƙasa shi ne a tura shi ya faɗa kan Ganymede, nesa da Europa.